Mota Ta Kafe, Aljihu Ya Ƙafe

A aikinmu na rediyo, abu na farko da ake gyara wa sabon shiga shi ne furuci. Akan zaunar da shi ya yi ta maimaita "kafe" da "ƙafe" har bakinsa ya saba, domin rijiya ce take ƙafewa, mota kuwa kafewa take yi. Direbobin manyan motoci na yankinmu ba su damu da wannan bambanci ba. A wajensu kalmomin biyu tare suke tafiya: ranar da mota ta kafe, ranar aljihu yake ƙafewa, wani lokaci har da tukunyar gida.

Shekara tara ke nan ina gabatar da shirin gaishe-gaishe na dare a wata tashar rediyo a jihar Tawa, kuma bayan ƙarfe goma mafi yawan masu kirana direbobi ne da yaransu. Da rani hira ce da barkwanci, wannan ya gaida uwargida, wancan ya tsokani abokinsa da ya bari a layin duwan. Da zarar damina ta kankama sai muryoyin su canja. Mutum ya kira ba ya ko gama sallama: suna bakin kwarin kaza, kwana biyu ke nan, duk mai babbar mota marar kaya ko wanda ya san inda za a sami katafila ya taimaka don Allah. Sanarwar hatsari na karanta ba adadi, kuma kowa yana jimaminta. Kafewa kuwa ba ta shiga labarai, saboda babu jini, babu gawa, jandarma ba sa zuwa awo. Duk da haka na ga gidajen da ta durƙusar. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, wanda yake biyan kuɗinta kusan kullum shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin ta-cewa a kan nauyin kayan, da hanyar da za a bi, da ranar tashi.

Wanda bai san yankin ba zai tambaya, me ya kai tirela cikin laka alhali ga kwalta? Amsar ita ce albasa. Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, ta ratsa Galmi da Madawa ta wuce Maraɗi da Damagaram. Amma albasar da aka san Galmi da ita har Kumasi da Abijan ba a kan kwalta take tsirowa ba. A fadamun kwarin Majiya da kwarin Tarka ake nomanta, a ƙauyukan da wasunsu ke da tazarar kilomita goma ko ashirin daga titi. Ana cire ta da rani, lokacin da kasuwa ta cika har farashi ya faɗi ƙasa. Manomin da ke da hali ba ya sayarwa a lokacin, sai ya zuba ta a rudu ya jira. Wata uku ko huɗu bayan nan ta yi ƙaranci, farashi ya tashi, 'yan kasuwa su bazu ƙauyuka nema. Wannan lokaci shi ne tsakiyar damina. Ke nan ranar da albasa ta fi daraja ita ce ranar da hanyar zuwa wajenta ta fi muni, kuma ranar ce ake ce wa direba ya sauka daga kwalta.

Ƙasar fadama tana da yaudara. Baƙar laka ce mai riƙe ruwa. Rana ɗaya ta buge ta sai samanta ya bushe ya tsattsage, mutum ya taka ya ji tauri, jaki da amalanke su wuce lafiya. Ƙarƙashin wannan ɓawo kuwa kunu ne. Mota marar kaya takan haye shi da safe ba ta ko bar sawu mai zurfi ba. Ita dai wannan mota in ta dawo da buhu ɗari uku, kowane buhu ya haura kilo 100, ɓawon ba ya ɗaukarta. Tirela kuma tana da raunin da ba kowa ya sani ba: tayoyin kan motar kaɗai inji ke juyawa, na bodin baya ja kawai ake yi da su. Da na baya sun nutse, sun zama turke. Sannan ƙarfen da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayar dama da ta hagu, in ba a kulle shi ba, yakan tura ƙarfin ga tayar da ta fi santsi, sai ka ga ɗaya tana ta juyi tana watsa caɓi, ɗayar tana tsaye. Kowane taka totur rami yake ƙara haƙawa. Minti biyar na gardama da laka ya isa motar ta zauna a kan cikinta, kuma daga nan ƙarfin injinta ya daina amfani. Wanda ya matsa, ya ƙona kuloci ko ya karya ƙarfen taya, ya haɗa wa kansa ciwo biyu.

Na san waɗannan abubuwa ne daga bakin yayana, wanda ya yi shekara bakwai yana karen mota kafin a damƙa masa makulli. A watan Agustan 2024 aka tura shi wani ƙauye kudu da kwalta ya ɗauko albasa. Duk wanda yake Nijar bai manta da wannan damina ba, shekarar da ruwa ya yanke babbar hanya a Sorey, ƙofar Yamai, har motoci suka yi dogon layi ta kowane ɓangare. Ya shiga ƙauyen da hantsi, ƙoramar da ke kan hanya a bushe. Da an gama lodi da azahar da ya fita lafiya, amma mai kayan yana ta aikawa ƙauyukan kusa a ƙaro buhuna, har magariba ta yi. Ko ɗigo ba a yi a kansu ba a daren. A gabas aka yi ruwan, ƙorama ta kawo shi cikin dare, kafin asuba ya janye ya bar laka.

Ya ce a jira kwana ɗaya ƙasa ta sha iska. Mai kaya ya ce farashi yana sama a Kumasi, motoci uku sun riga sun tashi, kuma tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023 tafiyar ta ƙara tsawo, ba shi da kwanan da zai zubar. Aka kira mai motar a waya, ya ce a yi yadda mai kaya yake so. Yayana ya sauka ya taka wurin da ƙafa, ya soka sanda, ya zaɓi inda ya fi tauri, ya sa yaransa suka shimfiɗa ƙirare. Kan motar ya haye. Bodin ya zo tsakiya ya tsaya, sannan a hankali ya karkata hagu.

Ranar farko ta tafi a haƙa. Shi da yaransa biyu da samarin ƙauye suka yi ta kwasar laka da shebur da faranti, suna ɗaga taya da jak suna cusa duwatsu, jak ɗin kansa yana nutsewa. Rana ta biyu aka sauke rabin kaya. Buhun albasa ba abin da mutum ɗaya ke ɗauka cikin santsi ba ne, 'yan dako suka yanka kuɗinsu a kan kowane buhu, saukewa daban, mayarwa daban. Wani direba da ya ji sanarwa a rediyo ya shigo da motarsa marar kaya ya ɗaura sarƙa. A ja na uku sarƙar ta tsinke, guntunta ya wuce ta gefen kan ƙaramin yaron motar ya fasa madubi. Mutumin nan ko kuɗin mai bai karɓa ba, ya ba da haƙuri ya fita da baya tun shi ma bai kafe ba. Rana ta uku da la'asar katafila ta iso. Mai ita ya nemi jika 400, aka yi ta roƙo ya tsaya a 350, kuma sai an tura kuɗin ya gani a wayarsa kafin ya tayar da inji. Aikin da ya yi bai kai minti arba'in ba.

Ga 'yan'uwa na ƙetaren iyaka, jika ɗaya a bakinmu sefa dubu ce. Albashin yayana a lokacin jika 75 ne a wata. Da aka haɗa kuɗin katafila, da na 'yan dako, da abincin mutanen da suka taya haƙa, da diyyar geron da katafila ta tattake a gonar wani dattijo, lissafin ya doshi jika 500. Wannan ban da albasar. Albasa ba ta son zafi da laima, ga ta kwana uku a ƙarƙashin tamfol, rabinta kuma a jibge a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kafin a isa kasuwa buhuna da dama sun fara ruwa. Mai kaya ya cire asararsa daga kuɗin mota. Mai mota ya ga kuɗinsa ya ragu, ga kuma jika 350 da ya tura, sai ya buɗe littafi ya rubuta su bashi a kan direba, ana cirewa duk wata. Matar yayana ta sayar da tumakinta biyu da take kiwo don Layya. Ni ma na sa abin da ya sawwaƙa daga albashina. Wata takwas yana tuƙi Kumasi da dawowa, yana kawo wa gida abin da bai kai rabin haƙƙinsa ba.

Na tambaye shi, "Yaya, da ka ga ƙasar ba ta yi ba, me ya hana ka ƙi?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ƙanwata, direban da ya ƙi, makulli ake karɓa. Je ki tasha ki ƙirga masu lasisi da ke zaune a benci suna jiran kujerata."

Zan so in yi wa mai katafila adalci, domin a shirin dare shi ne ake yawan tsine wa. Katafila ba ta tafiya a kan kwalta da ƙafarta. Sai an ɗora ta a doguwar mota mai shimfiɗaɗɗen baya an kai ta kusa, an kuma dawo da ita, kuma wannan motar haya ce. Tana shan gazuwal kamar rairayi na shan ruwa, ga lita ta kasance a sefa 618 ko bayan ragin da gwamnati ta yi a watan Yulin 2024. Kayan gyaranta daga waje ake sayo su. Galibi ma ba don jan mota aka ajiye ta ba, ta wani ɗan kwangila ce da ke aikin hanya ko madatsar ruwa a kusa, an janye ta daga aikinta. Mai tuƙa ta yana sane da cewa ita ma tana iya nutsewa, kuma in ta nutse babu wanda zai ciro ta sai wadda ta fi ta. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya sa aikin ya yi tsada.

Sai dai tsada daban, rashin farashi daban. Abin da direbobi ke kuka da shi shi ne kuɗin ba shi da ma'auni. Mai katafila yakan zo ya zagaya motar, ya ɗaga tamfol ya ga mene ne a ciki. In siminti ne ko ƙarfe, wanda zai iya kwana goma bai canja ba, farashi ɗaya. In albasa ce ko tumatir ko dabbobi, farashi wani, domin ya san agogo yana gefensa. Nisan da ya taho da man da zai ƙona duk ɗaya ne a motocin biyu. Matsuwar mutum ake aunawa. Hausawa sun ce wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kan cin ribar wanda larura ta tilasta wa ciniki. A birane irin Yamai akwai masu motocin janwe fiye da ɗaya, mutum yana iya kiran wannan ya kira wancan. A bakin ƙorama cikin daji, wanda ya zo shi ne kasuwar baki ɗaya.

Sannan ga maganar nauyi, wadda kowa ke kauce mata. Tun 2005 ƙasashen ƙungiyar UEMOA masu amfani da sefa suka amince da ƙa'ida mai lamba 14, wadda ta ce kada layin taya guda ya ɗauki fiye da tan 11.5 (tan 12 in tayoyinsa biyu-biyu ne), kuma tirela mai layi shida kada ta wuce tan 51 ita da kayanta. Ba don ado aka sa waɗannan lambobi ba. Tun gwajin hanyoyi da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 injiniyoyi suka gano cewa in aka ninka nauyin da ke kan layin taya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkuwa kusan sau 16. In haka ne a kan kwalta mai tushe, ina ga hanyar da ba ta da komai sai laka? Amma je ka wurin lodin albasa ka gani. Buhun da kansa an ɗinka masa hula don ya ci fiye da cikinsa, kuma ana jera shi har ya wuce bodi. Mai kaya yana so ya raba kuɗin mota da na shingayen hanya a kan buhuna masu yawa. Mai mota yana karɓar kuɗi a kan kowane buhu, ƙari riba ne a wajensa. Ba zan ɓoye ba, akwai direbobin da su ma sukan ɗora 'yan buhunansu a sama don su sami na cefane. To amma babban rabo na ribar lodin wuce kima ba aljihun direba yake shiga ba, alhali babban rabo na asararsa a wuyansa yake sauka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wani zai ce ina inshora? Takardar da doka ta wajabta, wadda jandarma ke tambaya a hanya, ta ɓarnar da motar ta yi wa wani ce. Ba ta san laka ba, ba ta san katafila ba. Yawancin direbobinmu kuma babu wata takarda tsakaninsu da masu motoci. Magana ce ta baki, "ga makulli, Allah ya tsare". Ana ba direba kuɗin hanya ƙididdigagge, na mai da abinci da abin da ake miƙawa a shingaye. Duk abin da ya faru wanda ba ya cikin wannan ƙidaya, sai a koma neman mai laifi, kuma mai laifi shi ne wanda hannunsa ke kan sitiyari. Mai mota yana gida, mai kaya yana waya, laka kuwa ba a kai ta ƙara.

Mutanen ƙauye su ma suna da nasu bakin, kuma sukan kira ni su faɗa. Direbobi suna zarginsu da cewa kafewar mota kasuwa ce ta buɗe musu: ruwan sha da kuɗi, ƙirare da kuɗi, kowane shebur da kuɗi. Akwai ma masu rantsuwa cewa a wasu wurare samari sukan ƙi nuna hanya mai kyau da gangan. Su kuma mutanen ƙauye cewa suke, tirela ɗaya in ta kafe ta fita, ramin da ta bari yakan kai ƙarshen damina cike da ruwa. Amalanken da ke kai mai naƙuda asibiti ba ya wucewa, babur ba ya wucewa. Direban da ya zo bayanta ya ga ramin sai ya kauce ta cikin gona, na bayansa ya ƙara kaucewa, kafin kaka hanya ta ci kadada guda ta geron talaka. Saurayin da ya yini cikin laka har ƙugu yana ɗaga buhu mai kilo 100, in ya nemi haƙƙinsa bai yi zalunci ba. Da direban da ɗan dakon da mai gonar duk talakawa ne da aka bari su yi ta cizon juna a bakin rami, saboda kilomita goma sha biyu na jar ƙasa da 'yar gadar siminti da ba a yi ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a inda ƙasa ta fi laushi a Nijar, can ne kafewa ta fi arha. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku suna kafewa a rairayi sau da yawa a yini ɗaya, har ba sa lissafa shi cikin labarin tafiya. Sun san a rage iskar taya don ta baje ta hau kan yashi. Sun san a yi tafiya da sanyin safiya lokacin da rairayi ya fi riƙe nauyi. Kowace mota tana ɗauke da faifan ƙarfe da ake shimfiɗawa a gaban taya, a ja gaba kaɗan, a ciro su a sake shimfiɗawa. Mafi muhimmanci, ba a tafiya a ɗaiɗaice, kuma ba a wuce wanda ya kafe. A Tenere babu katafilar haya, saboda haka taimako bai zama haja ba. Wanda ka ciro yau shi zai ciro ka gobe. Tsofaffin direbobin kudu sun ce da haka abin yake a nan ma. Direban da ya shigo ya tsinka sarƙarsa saboda yayana, ragowar wannan tarbiyya ce. Abin da ya rage ta ba mugunta ba ce. Yanzu kowane direba mai motarsa yana bin sa da waya, ana ƙirga masa lita da awa, in ya tsaya taimako ya karya wani abu, shi ma littafin bashi ke jiransa.

Ba na cikin masu cewa sai an shimfiɗa kwalta zuwa kowane rudu kafin a sami sauƙi. Akwai abubuwan da ba sa jiran kasafin kuɗin ƙasa. Na farko, babbar mota ta tsaya a bakin titi da damina, amalanke da ƙananan motoci su fito da kaya. Ana yin haka a wasu kasuwannin, kuma kuɗin da ake ƙarawa a kan kowane buhu bai kama ƙafar kuɗin katafila ba; samarin ƙauye ma sun sami aikin da ba sai wani ya shiga uku ba. Na biyu, ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci, waɗanda ke karɓar kuɗi a tasha a kan kowane lodi, su zauna da masu katafila da magadan gari kafin ruwan farko su yanka farashi: kaza a kan kilomita, kaza a kan awa, ko albasa ce a ciki ko siminti. A karanta shi a rediyo kowa ya ji. Na uku, kuma shi ne ya fi sauƙi ya fi wuya, a yi magana kafin a tayar da mota. In mai kaya ne ya nace a shiga, ya ce a gaban shaidu ya ɗauki rabin abin da zai biyo baya. In mai mota ne ya ce a bi, kada ya dawo ya buɗe littafi. In direba ne ya yi ganganci bayan an hana shi, to ya ɗauki nasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma bakin ƙorama ba wurin shari'a ba ne.

Mu ma a rediyo muna da abin yi. Daga daminar da ta wuce muka ware minti biyar bayan labaran safe, masu sauraro daga ƙauyuka suna kira su ce ƙoramar kaza ta kawo ruwa da dare, hanyar kaza ta yanke, ta kaza amalanke kaɗai ke bi. Ba ya cin ko dala. Amfaninsa na farko a bayyane yake. Na biyun wani direba ne ya nuna min shi: ya ce in ya faɗa wa Alhaji hanya ba ta biyuwa, gardama ce, in rediyo ta faɗa, Alhaji ma ya ji da kunnensa.

Yayana ya gama biyan bashinsa, yana nan a kan motar dai, domin 'ya'ya biyar ba sa cin zuciya. Abu ɗaya ya canja. Yanzu duk wanda ya ce masa ya sauka daga kwalta tsakanin Yuli da Satumba, kafin ya taɓa makulli yakan kira mutum biyu su tsaya, ya tambaya a gabansu, "Alhaji, in ta kafe, wa zai biya?" Wasu sukan ɓata rai su ce yana yi musu mugun fata. Ɗaya ya taɓa sauke kayansa ya nemi wata mota. Amma ya ce mafi yawa sukan yi shiru, su dubi sama su dubi ƙasa, sannan su ce a kira masu amalanke.

Ga duk wanda wannan rubutu ya iske yana da mota a hanya, ko kaya a mota, ko ɗan'uwa a kan sitiyari, tambayar ke nan da ya kamata a amsa tun ana kan tudu. Allah ya kai matafiya gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka.